Haraji a Kan Riba, Ba a Kan Tsohuwar Waya Ba: Martani ga Mai Kiran Mu Kwaikwayi Amurka

Wani marubuci da nake girmama alƙalaminsa ya fitar da maƙala a kan harajin cinikin intanet, inda ya kafa mana Amurka a matsayin abin koyi. Abin da ya ce a taƙaice shi ne, tun da Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukunci a 2018, jihohinta suka duƙufa karɓar haraji a kan duk abin da aka saya ta intanet, sabo ne ko na hannu, har da kuɗin dakonsa. A ganinsa adalci ke nan, kuma ya kamata hukumominmu su bi sahu ba tare da ware komai ba. Ciniki ciniki ne, in ji shi, duk inda kuɗi ya bar hannu ya shiga wani hannu hukuma na da rabonta. Masu kukan cewa ana karɓar haraji sau biyu a kan tsohon kaya kuwa, ya ɗauke su a waɗanda ba su san yadda haraji yake ba.

Malam, ina cikin masu wannan kukan, kuma ina ganin hujja tana wajenmu.

Akwai inda ba ni da ja da kai, kuma ba zan daɗe a kansa ba. Tun 1992, a shari'ar kamfanin Quill da jihar Dakota ta Arewa, har zuwa 2018 dokar Amurka ita ce jiha ba ta da ikon tilasta wa ɗan kasuwa ya karɓar mata haraji sai in yana da shago ko sito ko ma'aikata a cikinta. A lokacin maganar odar kaya ta gidan waya ake yi. Da intanet ta bunƙasa sai abin ya zama cuta ga mai shagon cikin gari: mutum ya shiga ya duba kaya, ya tambayi kuɗi, ya koma gida ya yi oda daga wata jiha ba haraji. A takarda, mai sayen ne ya kamata ya kai wa jiharsa harajin da kansa, amma kaɗan ne ke kaiwa. Jihar Dakota ta Kudu, wadda ba ta karɓar harajin albashi daga mutanenta, ta yi doka a 2016 da gangan don a je kotu, ta ja kamfanonin Wayfair da Overstock da Newegg. Ranar 21 ga Yuni, 2018, alƙalai 5 daga cikin 9 suka rushe tsohon hukuncin. Ina ganin sun yi daidai. Sabon firji da aka saya ta waya ba shi da wata alfarma a kan wanda aka saya a kanti.

Sai dai ka ɗora wa wannan hukunci kayan da ba nasa ba. Kotun ba ta ce uffan ba a kan ko a sa wa kuɗin dako haraji, ba ta kuma taɓa maganar kayan hannu ba. Tambaya ɗaya aka kai gabanta: wa za a iya tilasta wa ya karɓa? Abin da za a sa wa harajin kuwa, kowace jiha da dokarta. Amurka ba ta da harajin ciniki na tarayya. Jihohi 45 da babban birnin ƙasar ne ke karɓa, jihohi 5, wato Alaska da Delaware da Montana da New Hampshire da Oregon, ba su da shi a matakin jiha. Shugaban alƙalan kotun, John Roberts, wanda ya jagoranci huɗun da suka ƙi amincewa, ya tunatar da cewa hukumomin da ke sa wannan haraji a ƙasar sun haura 10,000, kowace da ƙa'idarta, har ya kawo misalin jihar Illinois inda cakulan Twix da Snickers, da ake jerawa a kanta ɗaya, harajinsu ya bambanta don ɗaya akwai fulawa a ciki ɗayan babu. To idan ka ce mu kwaikwayi Amurka, sai ka faɗa mana wacce daga ciki.

Mu ɗauki kuɗin dako. Hujjarka ita ce in aka yafe masa haraji, 'yan kasuwa za su rubuta kuɗin kaya dala 1, dako dala 99. Wannan dabara ta faru da gaske. Masu sayarwa a eBay sun yi ta yi don rage la'adar kamfanin, har a 2011 kamfanin ya koma lissafa la'adarsa har da kuɗin dako. Amma maganin wannan wayo ba sai an hukunta kowa ba, kuma a cikin Amurkan da kake yabo akwai jihar da ta nuna haka. A Kalifoniya, in an rubuta kuɗin dako daban a rasit, aka aika kayan kai tsaye ga mai saye ta gidan waya ko kamfanin dako, kuma abin da aka caja bai wuce abin da mai kayan ya biya da gaske ba, to babu haraji a kansa. Duk abin da ya ɗoru a sama, da ladan ɗaure kaya da shirya shi, wannan ana sa masa. Mai wayo bai sami ƙofa ba, mai gaskiya kuma ba a taɓa shi ba. Teksas ita ce ta bi hanyar da kake so: in kayan na haraji ne, dakonsa ma na haraji ne.

Abin da ya sa na fi son hanyar Kalifoniya shi ne, haraji a kan dako haraji ne a kan nisa. Mutum biyu sun sayi injin ɗinki iri ɗaya a farashi ɗaya. Ɗaya yana unguwar da siton yake, ɗayan yana can ƙarshen ƙasa. Na biyun ya riga ya biya dako mai tsada, sai kuma hukuma ta ce tunda dakonka ya fi yawa, harajinka ma ya fi yawa. Me ya ci fiye da ɗan'uwansa? Injin ɗaya ne. Mu da muke Arewa bai kamata a yi mana dogon bayani a nan ba. Yawancin manyan sito-sito na masu cinikin intanet a Najeriya a Legas suke, kayan waje ma ta tashoshin ruwan can suke sauka. Mai oda daga Ikeja da mai oda daga Maiduguri ko Birnin Kebbi ba kuɗin kawowa ɗaya suke biya ba. A bakin iyaka ma haka abin yake: kwastam ɗinmu na lissafa fito a kan kuɗin kaya haɗe da inshora da dako, sannan a ɗora harajin VAT a kan jimillar har da fiton. Ita Amurka, abin da ba ka faɗa wa masu karatu ba, ba ta sa kuɗin jirgin da ya ɗauko kaya daga ƙetare cikin ƙimar da take lissafa fito a kai. In kwaikwayo ake so, ga wurin farawa.

Kayan hannu su ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Ka ce harajin ciniki ba a kan kaya yake ba, a kan cinikin yake, don haka ko sau goma aka sayar da abu, sau goma za a karɓa kuma babu maimaici. Ta fuskar lafazin doka a jihohi da yawa haka ne. Amma lafazin doka ba ya amsa tambayar ko dokar ta yi adalci. Dalilin da masana ke kare wannan haraji da shi shi ne cewa haraji ne a kan amfani: ka ci, ka sha, ka sa, ka more, sai ka ba hukuma wani abu. To mene ne farashin sabuwar waya in ba kuɗin dukkan shekarun da za ta yi tana aiki ba? Wanda ya saye ta a kwali ya biya haraji a kan rayuwarta gaba ɗaya tun ranar farko. In ya riƙe ta shekara biyu ya sayar, bai ƙirƙiri wata sabuwar dukiya ba. Ragowar shekarun da an riga an biya musu haraji ya miƙa wa wani, ya karɓi ragowar kuɗinsa.

Mu yi lissafi da harajin birnin Houston, kashi 8.25 cikin 100. An sayi waya sabuwa dala 1,000, hukuma ta karɓi dala 82.50. Bayan wani lokaci aka sayar da ita ta intanet dala 500, aka karɓi dala 41.25. Ta sake canza hannu a dala 250, aka karɓi sama da dala 20. Waya ɗaya ta biya fiye da dala 144, sama da kashi 14 cikin 100 na kuɗinta na asali. Ita kuwa 'yar'uwarta da wani mai hali ya saya rana ɗaya da ita, ya gaji da ita ya jefa a durowa, dala 82.50 ɗin nan kaɗai ta biya. Duba wanda ƙarin ya faɗa wa. Ba mai sayen sabuwa ba ne. Na biyu ne da na uku, waɗanda rashin kuɗin sabuwa ne ya kai su ga tsohuwa. Ɗalibi ne, direban tasi ne, baƙo ne da bai daɗe da sauka ƙasar ba. Tsarin da kake kira adalci ya fi sassauta wa mai zubarwa a kan mai tattali.

Su kansu jihohin Amurka sun san da wannan, ko da ba su furta ba. A yawancinsu, in ka kai tsohuwar motarka wurin dila ka yi musaya da sabuwa, a kan cikon kuɗin kawai ake lissafa maka haraji. A Teksas, motar dala 30,000 da ka ba da tsohuwa ta dala 10,000 a kanta, harajin dala 20,000 za ka biya. Me ya sa, in ba don an yarda cewa darajar da ke jikin tsohuwar ta riga ta biya nata ba? Haka kuma jihohi da dama ba sa bin mutumin da ya fito da tarkacen gidansa ƙofar gida ranar Asabar ya sayar, domin dokarsu ta ware cinikin jefi-jefi da ba sana'a ba. Abin da ya canza bayan 2018 shi ne jihohi sun yi dokokin da suka mai da dandalin cinikin kansa, irin su eBay da Amazon da Etsy, mai karɓar haraji a madadin duk wanda ya sa kaya a kansa. Tun daga 2019 eBay ya fara karɓa jiha bayan jiha. Sakamakon shi ne tsohon keken yaro da uwa za ta sayar a ƙofar gida ba haraji, in ta sa shi a dandali sai an caji mai saye. Keke ɗaya, mai shi ɗaya. Kai da ka gina maƙalarka a kan cewa kada a bambanta intanet da kasuwar ƙasa, ga bambanci nan ya dawo ta bayan gida, wannan karon a kan ƙaramin mutum. Har ila yau eBay na lissafa la'adarsa a kan jimillar abin da mai saye ya biya, har da harajin, wato mai tsohon keken na biyan la'ada a kan kuɗin da ko ganinsu ba ta yi ba.

Za ka ce to dilan kayan hannu fa, wanda sana'arsa ke nan, yana cin riba, a bar shi haka? A'a. Ban ce a bar shi ba, kuma ba sai mun ƙirƙiro sabuwar dabara ba, don Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai sun daɗe da warware wannan. A Birtaniya VAT kashi 20 cikin 100 ne. Dilan da ya sayi tsohuwar waya fam 400 daga hannun wani mutum ya sayar fam 500, doka ta ba shi damar biyan haraji a kan tazarar fam 100 ɗin kawai, kashi ɗaya bisa shida nata, wato fam 16.67. Da a kan dukkan farashin ne, fam 83.33 zai biya daga ribar fam 100, ka ga sana'ar ta mutu ke nan ko kuma a ɗora wa mai saye. Sharaɗin shi ne ya riƙe littafi: daga wa ya saya, nawa, yaushe, wa ya sayar wa, nawa. In ya sayar da asara, babu haraji a kan wannan kayan. Mutumin da ya sayar da kayan gidansa kuma ba a neman VAT a wurinsa sam. Hukuma ta sami rabonta daga sabon abin da aka samar, wato aikin dilan na nemowa da gyarawa da ajiyewa da jiran mai saye, ta bar tsohon.

Wannan lissafi ba baƙo ba ne a wurinmu. Kowa ya san dillaliya. Matar aure ta ba ta zannuwa biyu da kwalla ta ce a sayar mata, buƙata ta taso. Dillaliya ta ɗora a ka ta shiga gida-gida, ta sha rana, ta sha tayi, wata ta ce sai an biya ta adashi, wata ta ɗaga zanen ta duba bakinsa ta ce ya sha wanki. Ranar da aka sallama, ta kawo wa mai kaya kuɗinta ta cire la'adarta. Duk garin ba wanda zai ce abin da dillaliya ta samu shi ne kuɗin zannuwan. La'adar ce samunta. Wanda ya ce zai yanki rabonsa daga kuɗin zannuwan gaba ɗaya, ba dillaliya ya yanka ba, matar da buƙata ta sa ta rabu da kayan ɗakinta ya yanka, ko wadda ba ta da kuɗin sabo.

Kada a ɗauka kuma dokar Amurka ba ta taɓa aljihunmu tun yanzu. Da yawa daga wayoyi da kwamfutocin hannu da ake gani a kasuwar Farm Centre ta Kano ko a Ikeja daga irin waɗannan dandali ake sayo su. Matashi ya ga kwamfuta dala 200, dakon cikin Amurka dala 25, ya ba da adireshin ɗan kagon da zai haɗa masa kaya a Houston. Yana zuwa shafin biya sai ya ga wani layi ya ƙaru a ƙasa: dala 18.56. Haraji ne na jihar da bai taɓa takawa ba, a kan kwamfutar da wani ya riga ya biya wa haraji tana sabuwa, a kan dakon ma an lissafa. Wanda ya daɗe a harkar ya san ya nemi ɗan kago mai adireshi a Delaware ko Oregon, layin nan ba zai fito masa ba. Sabon shiga mai ƙaramin jari shi ke biya. In kayan sun sauka nan kuma ga fito ga VAT, duk a kan wanda zai saya a ƙarshe, ɗalibar da ke neman abin rubuta aikin kammala karatu.

Sannan akwai kuskuren da ya ratsa maƙalarka tun daga sama har ƙasa: mu ba irin harajin Amurka muke da shi ba. Najeriya ta bar harajin ciniki ta koma VAT tun Janairun 1994 a kan kashi 5, aka ɗaga shi zuwa kashi 7.5 a Fabrairun 2020. Nijar ma irinsa take karɓa, kashi 19. Ginshiƙin VAT shi ne kowane ɗan kasuwa ya cire harajin da ya biya lokacin saye daga wanda ya karɓa lokacin sayarwa, ya miƙa wa hukuma bambancin. An gina shi ne musamman don kada haraji ya hau kan haraji. Amma mai sayen tsohuwar waya daga hannun wani bawan Allah ba shi da rasit na haraji da zai cire komai da shi. In ka ce ya karɓi VAT a kan dukkan farashin, ka rushe ginshiƙin da kanka. Wannan giɓin ne ya sa Turawa suka fito da lissafin tazara, kuma tunda tsarinmu ɗan gidan nasu ne, can ya kamata ka nuna wa hukumominmu. Batun a karɓi haraji daga manyan kamfanonin waje kuwa, an riga an fara. Tun Janairun 2022 mai tallata hajarsa a Facebook daga Najeriya yana ganin kashi 7.5 a kan kuɗin tallan. Ba wanda ya ce a daina wannan.

Ka yi tunanin kuma inda cinikin zai koma. A Amurka mutum ya saba da dandali, ya saba da kati, zai yi gunaguni ya biya. A nan mafi yawan cinikin kayan hannu ta WhatsApp da Instagram da Facebook ake ƙulla shi, a turo hoto, a yi ciniki, a tura kuɗi ta banki, a ba direban mota saƙo a tasha. Dandalin da ke riƙe kuɗin mai saye har kaya ya iso hannunsa shi ne ɗan abin da ke kare mutane daga 'yan damfara, kuma har yanzu rarrafe yake yi. Ranar da aka ce duk tsohon firji da aka sayar a kansa sai an ƙara kashi 7.5, mai kaya zai rubuta lambarsa a jikin hoton ya ce a kira shi. Hukuma ba ta samu ba, mai saye kuma ya rasa kariyarsa.

Abu na ƙarshe da ka tsallake a hukuncin 2018 shi ne wanda ya fi kamata ka tsaya a kai. Anthony Kennedy, alƙalin da ya rubuta ra'ayin masu rinjaye, ya lissafa abubuwan da ke cikin dokar Dakota ta Kudu da suke hana ta zama nauyi, na farkonsu shi ne ba ta shafi ƙaramin ɗan kasuwa ba: sai wanda cinikinsa a jihar ya wuce dala 100,000 a shekara, ko ya kai ciniki 200. Ko wannan sharaɗin na ciniki 200 jihar ta cire shi a 2023, kuma ta yi daidai, domin mai sayar da abin dala 5 sau 200 dala 1,000 kacal ya gani. Kalifoniya da Teksas sun sa nasu ma'aunin a dala 500,000. Mu ma, a lokacinta, Dokar Kuɗi ta 2019 ta sauke nauyin karɓar VAT daga kan wanda cinikinsa bai kai naira miliyan 25 a shekara ba. Amma da zarar an ce dandali ne mai karɓa a madadin kowa, wannan kariya ta tashi aiki, domin ba cinikin matar da ke sayar da atamfa daga ɗakinta za a auna ba, na dandalin za a auna, shi kuwa ya wuce kowane ma'auni. Haka ya faru a Amurka, kuma haka zai faru a nan in aka kwafo dokar yadda ka nema. Idan majalisa za ta taɓa wannan fanni, a rubuta a cikin dokar ƙarara cewa wanda doka ta yafe wa a kasuwar ƙasa an yafe masa a dandali, mai sayar da kayan gidansa ba ɗan kasuwa ba ne, dilan kayan hannu a kan ribarsa zai biya, dakon da aka rubuta daban bisa gaskiyar kuɗinsa kuma a bar shi. In kana da hujjar da ta sa ɗalibar can za ta sake biyan harajin kwamfutar da wani ya riga ya biya wa, Malam, ka kawo ta da lissafi, zan karanta.